Zuciyar Mai Jego Tana Jiran Ku

Ku ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, ku nas-nas da ungozomomi, ku ƙananan malaman jami'a da ɗaliban digiri na biyu da na uku, ku da kuke sammako daga Ƙauyen Alu da Unguwa Uku da Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yau da ku nake, a kan wata cuta da ta yi kaka-gida a gidajenmu.

Kun san ta sarai. Mace ta haihu lafiya, an yi suna an watse, sai kafin arba'in ko bayan 'yan watanni ta fara haki. Ƙafafu su kumbura, ka danna ƙwaurinta da yatsa wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Dare ya yi ba ta iya kwanciya, sai a jera mata matasan kai ta kwana a zaune, jariri yana kuka a gefe. Likita ya ɗora mata na'urar hoton zuciya, ya ga zuciyar ta buɗe ta saki, tana motsi da ƙyar. Wannan shi ne ciwon zuciya na masu jego. A Japan mace ɗaya yake kamawa cikin haihuwa kusan 20,000. A Sakkwato, binciken Isezuo da Abubakar na 2007 ya samu ɗaya cikin 102.

Duniya ta fara jin girman abin ne daga Zariya. A 1978 likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka wallafa bayanin mata 224 da suka bi diddiginsu. Zargi ya faɗa kan al'adunmu: wankan jego da tafasasshen ruwa, kunun kanwa, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Shekaru da yawa haka ake karantar da ɗalibai a ko'ina.

Sai aka samu waɗanda suka ce bari a sake dubawa, kuma a nan unguwar tamu suke. Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa sun haɗa asibitoci 22 a faɗin Nijeriya, suka tattara bayanan mata 406 a rajistar da ake kira PEACE, aka wallafa sakamakon a 2020. Mafi yawan matan daga Arewa maso Yamma suke, inda aka ga cutar ta kai ɗaya cikin haihuwa 96. Amma da aka gwada su da mata masu lafiya, ba wanka da kanwa ne suka bambanta su ba. Rashin karatu, rashin sana'a, rama, da hawan jinin masu ciki su ne suka fito fili. Kanwa dai gishiri ce, kuma zuciyar da ta raunana ba ta son gishiri, wannan yana nan daram. Sai dai tushen cutar ya fi inda aka ɗora yatsa zurfi.

Wannan gyara da aka yi wa ilimin duniya, da hannuwanku aka yi shi. Akwai wadda ta zauna da mai jego ta cike takarda layi-layi. Akwai wanda ya ɗebi jini ya rubuta lamba a jikin kwalba ba tare da kuskure ba, ya sa ta a injin da ke juya jini har ruwansa ya rabu da ƙwayoyinsa, ya ajiye a firiza, wuta ta ɗauke ya ruga ya tabbatar janareta ya tashi. Sunayensu ba kasafai suke hawa kan mujalla ba, amma da kwalba ɗaya ta musanya da wata, da lissafin duka ya gurɓace. Kada wani cikinku ya raina abin da yake yi.

Yanzu saura babban aikin, wato shiga cikin tsokar zuciyar kanta a gano me yake karya ta. Tun 1992 Cénac da abokan aikinsa a Yamai suka lura cewa sinadarin seleniyom ya yi ƙaranci a jinin matan da ke fama da cutar, kuma wani bincike da aka yi a Kano a 2015 ya ga haka. A ƙasar Sin ma rashin wannan sinadari a ƙasar noma yana cikin abin da ya haddasa ciwon zuciyar da ake kira Keshan. Da aka jarraba bai wa matanmu seleniyom na wata uku, alamomin ciwon sun ragu ga da yawansu. (Ba abin saye a kemis a sha kai tsaye ba ne, domin yawansa guba ne.) A Hanoba ta Jamus kuwa, Denise Hilfiker-Kleiner ta nuna a 2007, da ɓeraye, cewa sinadarin da ke kawo ruwan nono yana iya tsinkewa, guntunsa ya lalata ƙananan jijiyoyin jini na zuciya. A 2016 aka gano kusan kashi 15 cikin 100 na masu cutar da aka bincika suna ɗauke da tawaya a ƙwayoyin gadonsu, galibi a wanda ke gina furotin mai suna titin.

To, ta yaya waɗannan suke haɗuwa a jikin 'yar Tarauni mai shekara ashirin? Nawa ne seleniyom ɗin da ke cikin geron Dawanau? Waɗanne ƙwayoyin gado ne namu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Marasa lafiyar a hannunku suke, harshensu kuke ji, abincinsu kuke ci. Babu wanda ya fi ku cancantar amsa waɗannan tambayoyi.

Ku kuma manya, shugabannin sassa da farfesoshi, ina roƙonku da girman Allah ku riƙe yaran nan. Ɗalibin ilimin aikin gaɓoɓi ko na sinadaran jiki ba ya zama masani da allo kaɗai. Sai ya tsaya kusa da ku, ya auna ya kuskure ya sake aunawa, ku karanta rubutunsa ku mayar masa da jan biro, ku koya masa neman tallafin bincike daga TETFund da ƙetare, ku sa sunansa a gaba idan shi ya yi aikin. Ku jawo 'yan mata musamman, domin mai jego tana gaya wa mace 'yar'uwarta abin da ba za ta gaya wa namiji ba. Wanda kuka tura waje ya koyo, ku tanadar masa teburi da kayan aiki kafin ya dawo.

Na san albashi ba ya kai ƙarshen wata, na san sinadaran gwaji da dala ake sayen su. Duk da haka ku daure. Ke ɗaliba, je ki ƙwanƙwasa ƙofar malaminki ki ce kina son a ba ki wannan batu. Kai mai kula da firiza, duba ma'aunin sanyinta kafin ka tashi yau. Allah ya ƙarfafe ku, ya sa albarka a hannuwanku.