Dillancin Ilmi Da Haƙƙin Amana

A manyan kasuwannin duniya akwai wani irin dillanci wanda hajarsa ita ce sanin da ke cikin kan mutum. Attajiri ko kamfani mai son zuba jari a harkar da bai san kanta ba, sai ya nemi dillalin nan ya samo masa wanda ya daɗe a cikinta, su yi magana ta waya kamar sa'a guda, a biya gwanin ladansa, dillali kuma ya ɗauki la'adarsa. Mashahurin cikinsu shi ne Gerson Lehrman Group, watau GLG, wanda aka kafa a New York a 1998. Bayansa aka sami Third Bridge a 2007 da AlphaSights a 2008, dukansu a Landan. Abin da ya ƙara wa sana'ar kasuwa kuwa shi ne dokar da hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta kafa a 2000, wadda ta hana kamfanoni su keɓe wasu masu jari da labarin da ba a sanar da sauran jama'a ba. Da wannan ƙofa ta rufe, sai masu jari suka koma neman sani wurin mutanen da ke kewaye da kamfanonin.

Hanyar samo gwanayen ba ta da wani ɓoyo. Mai saye zai bayyana irin mutumin da yake bukata, sa'an nan ma'aikatan dillalin, waɗanda galibinsu matasa ne sababbin gama jami'a, su bi shafukan intanet irin su LinkedIn suna duba tarihin aikin mutane, suna aika musu da saƙo. Wanda ya amsa, sai a yi masa 'yan tambayoyi don a ga ko ya san abin da ake nema, shi kuma ya faɗi kuɗin da yake so a kowace sa'a. Daga nan sai tankaɗe da rairaya: a tabbatar da sunansa da wuraren da ya yi aiki, a sa shi ya bi wani ɗan darasi game da abin da doka ta hana faɗa, ya kuma sa hannu cewa ba zai tona asirin kowa ba. Bisa ga al'ada ba a barinsa ya yi magana a kan kamfanin da yake wa aiki, wasu masu saye ma sukan ƙi wanda bai yi watanni da barin aikin ba.

To, a nan ne tambaya take. Idan dillali ya cika waɗannan sharuɗɗa duka, sa'an nan gwanin ya ci amana, shin dillalin ya fita daga alhaki? Kafin a amsa, wajibi ne a rarrabe abu biyu da ke cikin kan kowane ma'aikaci. Akwai ƙwarewar da ya samu da guminsa da tsawon shekarunsa; wannan mallakarsa ce, ba laifi ya karɓi lada a kanta, kamar yadda malamai ba su ga laifin ladan dillali ba. Akwai kuma asirin da aka ba shi ajiya saboda kujerar da yake kai. Wannan ba nasa ba ne, kuma mutum ba ya sayar da abin da bai mallaka ba. Wahalar ita ce duka biyun a ƙirji ɗaya suke, ta baki ɗaya kuma suke fitowa.

Labarin Dokta Sidney Gilman ya isa misali. A wancan lokaci shehun malami ne a fannin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Jami'ar Michigan, shi ne kuma shugaban kwamitin da ke lura da lafiyar marasa lafiyan da ake gwada wani sabon magani a kansu, maganin ciwon mantuwa da ake kira Alzheimer, wanda kamfanonin Elan da Wyeth suke ƙoƙarin fitarwa. Ta hannun GLG aka haɗa shi da Mathew Martoma, ma'aikacin kamfanin zuba jari na SAC Capital, ana biyansa wajen dala 1,000 a sa'a. An gargaɗe shi kada ya taɓo zancen gwajin, amma shi da Martoma sukan rubuta wa dillalin wani batu dabam, su kuwa su yi zancen maganin.  A Yuli na 2008, abin ya kai ga Gilman ya sanar da Martoma cewa sakamakon gwajin bai yi kyau ba, tun kafin ya bayyana shi a taron likitoci a Shikago. SAC ya sayar da hannun jarinsa a ɓoye. Da labari ya fito, darajar hannun jarin Elan ta faɗi da fiye da kashi 40 cikin ɗari, SAC kuwa, tsakanin riba da asarar da ya tsallake, ya tashi da wajen dala miliyan 275. Asarar ta faɗa kan waɗanda suka sayi hannun jarin ba su san abin da mai sayarwa ya sani ba. A 2014 aka yanke wa Martoma ɗaurin shekara 9. Gilman ya rasa kujerarsa da mutuncin da ya tara, ya zama mai ba da shaida a kotu. Dillalin kuwa ba a tuhume shi da laifi ba.

Mai hankali zai lura cewa babu inda binciken ya kuskure game da ilmin Gilman. Gwani ne na haƙiƙa. Sai dai abin da ya sa yake da tsada, watau kusancinsa da gwajin, shi ne abin da ya sa yake da haɗari. Malaman Hadisi na farko sun san wannan bambanci, shi ya sa suka gindaya wa mai ruwaya sharaɗi biyu: kiyayewa, da kuma adalci. Haka nan a shari'a, mai yi wa shaida tazkiyya ana so ya zama ya daɗe yana cuɗanya da shi, domin hali ba ya bayyana a zama ɗaya. Binciken zamani yana iya auna sharaɗin farko da takardu cikin kwana ɗaya. Na biyun kuwa sa hannu ne kawai yake tsaya masa, alhali kuwa wanda zai ci amana ba ya jin nauyin alƙalami.

Wani zai ce ai dillalin ruɗinsa aka yi, ba a kuwa kama mutum da laifin wani. Wannan gaskiya ne, kuma babban alhaki yana wuyan wanda aka ba amana ya sayar, da wanda ya biya yana sane da abin da yake saye. Amma Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya ɗauki mutumin da ke riƙe da asirin magani ya haɗa shi da mai jari a kamfanin maganin, ya kuma ga suna ta komawa ga juna har sau da yawa, lalle yana da abin da zai tambayi kansa, ko da kotu ba ta tambaye shi ba. Alhakin dillali gwargwadon abin da ya sani ne, da abin da zai iya sani da bai kawar da kai ba.

Bayan waɗannan shari'o'i kamfanonin sun ƙara tsanantawa, har wasu masu saye sukan sa mai sauraro a kan waya ko su naɗi maganar. Wannan ya rage ɓarna, amma gwajin gaskiya yana nan a wuri biyu. Ga dillali, ko zai iya ƙin haɗin da ya fi kawo masa la'ada idan ya ga dalilin da ya sa ake neman wannan mutum musamman. Ga gwani kuwa, ko ma'aikacin banki ne ko likita ko injiniya, ko zai yarda ya faɗi maganar nan a gaban wanda ya ba shi amanar. Idan ba zai iya ba, to, ya san cewa kuɗin da ake miƙo masa ba na ilminsa ba ne. Allah ya tsare bayinsa daga cin amana, amin.