Zaki a Cikin Keji: Amana Ce ko Zalunci?

Duk wanda ya tashi da harshen Hausa a bakinsa ya san zaki tun kafin ya gan shi, da yawa daga cikinmu kuwa har ƙasa ta rufe idonmu ba za mu gan shi ba. Mun san shi a tatsuniya, inda yake riƙe da sarautar dawa, Gizo na yi masa wayo, dila na yi masa fadanci. Mun san shi a fada, inda fadawa kan ɗaga murya suna kiran zaki, alhali kuwa mutum ne ɗan'uwanmu yake takowa a cikin alkyabba. Mun san shi a bakin maroƙa da makaɗan maza. Amma a nan Mubi, in ka tara yaran unguwa ka tambaye su wane ne ya taɓa jin rurinsa da kunnensa, sai dai su dubi juna. Wanda ya yi sa'a a cikinsu shi ne wanda aka taɓa kai wa ziyara gidan namun daji na Sanda Kyarimi a Maiduguri, ko na Audu Baƙo a Kano, ko kuma na Jos, inda ya ga wani abu mai geza yana kwance a kan siminti, ƙudaje na bin kunnensa.

Tambayar da wannan maƙala take son ta yi nazari a kanta ita ce: shin ya halatta ga ɗan Adam, a hankalce da kuma a ɗabi'ance, ya tsare irin wannan dabba a keji, har ma ya riƙa haɗa ta barbara domin ta haifa masa waɗansu da su ma a kejin za su rayu su mutu? Muna sane da cewa wani zai ce, mutane na fama da abin da za su sa a bakin salati, malamin jami'a kuwa ya zauna yana jimamin zaki. Wannan suka tana da nauyi, kuma za mu komo gare ta.

Bari mu fara da hujjar masu ajiyewa, domin ba hujja ce ta banza ba. Suna cewa dajin da ake ta yi wa zaki kwaɗayinsa ya ƙare. Binciken da Philipp Henschel da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2014 ya nuna cewa zakunan da suka rage a dazuzzukan Afirka ta Yamma gaba ɗaya ba su wuce kimanin 400 ba, kuma a wurare huɗu kacal aka same su: Niokolo-Koba a Senegal, da gandun dajin da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, sai Kainji da Yankari a Nijeriya, inda duka biyun ba su tara 50 ba. Gashaka-Gumti, wanda shi ne gandun daji mafi girma a ƙasar nan, kuma wani sashe nasa yana cikin jiharmu ta Adamawa, ba ya cikin lissafin. Noma ya cinye daji, mafarauta sun cinye gwanki da ɓauna da gada waɗanda zaki ke rayuwa a kansu, in kuma yunwa ta sa ya faɗa wa garke, sai makiyayi ya zuba guba a mushen saniyar, zaki da kura da ungulu su ci su mutu tare. To, in haka ne, in ji su, ashe keji jirgin tsira ne. Sukan kawo misalin zakin Arewacin Afirka, wanda ya ƙare a daji tun cikin ƙarni na 20, ba a kuma da sauran abin nunawa sai waɗanda ake jin jikokinsa ne daga cikin zakunan da sarakunan Maroko suka ajiye. Sukan kuma kawo misalin mariri, wanda ya ɓace daga dajin Sahel, aka raya shi a gidajen ajiya na ƙasashen waje, aka fara mayar da shi ƙasar Chadi a shekarar 2016, ga shi yanzu yana hayayyafa a can. Bugu da ƙari, sukan ce gani ya kori ji: yaron da bai taɓa ganin zaki ba, ta yaya zai damu da ƙarewarsa?

Hujjar mariri gaskiya ce, sai dai ba ta zaki ba ce. Mariri ciyawa yake ci, ciyawa kuwa ba ta gudu, ba ta kuma harbi da ƙafa. Shi zaki sana'a gare shi, kuma a wurin uwa da sauran 'yan garke ake koyon ta: yadda ake laɓe, yadda ake bin iska, yadda ake kauce wa ƙahon ɓauna, da kuma, wanda ya fi duka muhimmanci, yadda ake tsoron mutum. Zakin da ya buɗe ido ya ga mutum ne ke miƙo masa nama, in ka sake shi a daji, ko dai yunwa ta kashe shi, ko ya nufi ruga mafi kusa. Shi ya sa da ƙasar Ruwanda ta so ta mayar da zakuna gandun Akagera a shekarar 2015, ba ta nufi gidan zu ba. Zakuna bakwai 'yan daji aka ɗauko daga Afirka ta Kudu, su ne suka yi iri. Daɗin daɗawa, masana sun tabbatar da cewa zakinmu na Afirka ta Yamma ya fi kusa a jini da zakin dajin Gir na Indiya a kan na kudancin Afirka. Wato ke nan, zakin keji wanda ba a san asalin iyayensa ba, aka kuma haɗa wa da ƙanwa domin babu wani, ba shi ne magajin na Yankari ba, ko da kuwa geza ta zo ɗaya.

In kuwa 'ya'yan da ake haifa a keji ba za su koma daji ba, to, don wa ake haifar su? Amsar wannan tambaya tana bayyane a Afirka ta Kudu, inda kiwon zaki ya zama sana'a kamar kiwon kaji. An ƙiyasta zakuna kimanin 8,000 a gonaki fiye da 300. Yana ɗan jariri a raba shi da uwa domin baƙi su biya su rungume shi a ɗauke su hoto. In ya girma a sake shi a cikin shinge, attajiri ya biya ya harbe shi ya kira kansa mafarauci. Ƙasusuwan kuma a kai su kasuwannin Asiya. Sai a shekarar 2021 gwamnatin ƙasar ta bayyana aniyarta ta kawo ƙarshen wannan sana'a. Haka abin yake ga damisar Asiya mai ratsi-ratsi, wadda ake kira taiga, dabbar da ba ta taɓa zama 'yar dajin Afirka ba. An daɗe ana ƙiyasta cewa waɗanda ke tsare a Amurka kaɗai sun kai dubbai, har sai da ƙasar ta yi dokar hana mutane ajiye su a gidajensu a ƙarshen 2022. A Tailan kuwa, da hukuma ta shiga wani wurin ibada da ya shahara da kiwonsu a shekarar 2016, ta tarar da gawar jarirai 40 a cikin firji. Bahaushe ya riga ya yi wa wannan harka suna tun kafin a ƙirƙiro ta, da ya dubi gardawan da ke yawo kasuwa-kasuwa da kura a sarƙa da takunkumi, ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gidajen namun dajinmu na Arewa ba su kai nan ba, kuma zalunci ne a jera su da waɗancan. An kafa su ne a farkon shekarun 1970, zamanin gwamnoni irin su Audu Baƙo a Kano da Joseph Gomwalk a Jos, da kyakkyawar niyyar ilmantarwa da samar wa talaka wurin shaƙatawa ranar salla. Amma niyya ba ta ciyar da zaki. Babban zaki yana bukatar nama kilo 5 zuwa 7 a kullum, a ƙasar da albashin ma'aikaci kan yi jinkiri. A watan Disamba na 2015 zaki ya kuɓuce a gandun Jos, jami'an tsaro suka harbe shi. A watan Oktoba na 2019 wani ya kuɓuce a na Kano, hankalin birni ya tashi, aka yi ta gargaɗin mazauna unguwannin da ke kewaye. Abin da ya fi tsaya mana a rai game da wannan na Kano shi ne, tsawon lokacin da ya yi a sake bai ko fita daga harabar gidan ba. Ya faɗa wa awakin da ya tarar, ya ci ya ƙoshi, daga bisani aka samu ya koma keji. Wani zai ce, ka gani, ashe yana jin daɗin wurin. Mu kuwa abin da muka gani shi ne sabo, wanda aka ce turken wawa ne. Ina sarkin dawa zai nufa a titin Zoo Road, tsakanin Keke Napep da shagunan masu sayar da waya? An raba shi da daji, an kuma raba shi da sanin cewa akwai daji.

Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. Hadisi ingantacce ya ba da labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. A wani hadisin kuma an ambaci Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, daga nan ne malamai da dama suka fahimci halaccin ajiye tsuntsu matuƙar ana kula da shi. Saboda haka tsarewa a kan kanta ba ita ce laifin ba. Laifin shi ne ka ɗauke wa halitta hanyar biyan bukatarta, sannan ka kasa biya mata. To amma mece ce bukatar zaki? A nan ne muke ganin masu ajiyewa sun taƙaita lissafi. Sun ɗauka bukata ita ce nama da ruwa da inuwa. Alhali zakin gandun Waza, can bayan duwatsun Mandara a ƙasar Kamaru, yankin da yake kewayawa ya kai ɗaruruwan murabba'in kilomita. Wani nazari da Ros Clubb da Georgia Mason na Jami'ar Oxford suka wallafa a 2003 ya nuna cewa dabbobi masu cin nama waɗanda suka fi yawo mai nisa a daji su ne suka fi shan wuya a tsare, su ne kuma suka fi yin wannan safa da marwa da muke gani a bakin ƙarfe, taku kaɗan gaba, taku kaɗan baya, har sawu ya fito a ƙasa. Yara kan yi tafi suna cewa yana motsa jiki ne. Likitan dabbobi ya san ciwo ne.

Mu mutanen Mubi muna da wani sani a kan wannan da ba a littafi muka same shi ba, ko da yake muna faɗinsa da taka-tsantsan, domin Allah ya karrama ɗan Adam, ba kuma za mu daidaita shi da dabba ba. A ƙarshen Oktoba na 2014, da garin nan ya faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya, mun watse, wasu Yola, wasu Gombe, wasu suka tsallaka Kamaru da ƙafa. Waɗanda suka sauka a sansani an ba su shinkafa da tabarma da tsaro, kuma sun gode. Amma da labari ya zo cikin Nuwamba cewa an ƙwato garin, mutane suka fara ɗaure kaya tun hanya ba ta gama lafawa ba, suna komawa ga gidajen da aka fasa da shagunan da aka wawashe. Da a ce ci da sha da tsaro su ne rayuwa gaba ɗaya, da babu wanda zai motsa.

Wani zai ce zakin keji ya fi na daji tsawon kwana, yakan haura shekara 20, na daji kuwa da wuya ya kai 15. Haka ne. Sai dai ba mu taɓa jin an yi wa wani addu'ar tsawon rai a kurkuku ba.

Ra'ayinmu, in an tambaye mu, kashi biyu ne, kuma ba su yi daidai da abin da kowane ɓangare yake son ji ba. Zakunan da suke hannunmu yau ba su da dajin komawa. Buɗe musu ƙofa kisa ne, gare su da kuma ga maƙwabta. Sun zama amana, irin amanar marayan da kai ne ka mayar da shi maraya. Haƙƙinsu ne a ciyar da su, a faɗaɗa musu wuri, a sa musu ƙasa da itace maimakon siminti, a horar da masu kula da su a kuma biya su, domin a shekarar 2024 kaɗai zakuna sun kashe ma'aikata biyu, ɗaya a Ile-Ife, ɗaya a Abeokuta. Amma haifar da sababbi, don kawai a samu abin nunawa ranar salla mai zuwa, wannan ba mu sami hujjarsa ba. Wanda ya ɗauki amanar da ya tarar daban, wanda yake ƙirƙiro wa kansa sababbin fursunoni daban.

Sauran sukar da muka yi alkawarin komowa gare ta, ta mai cewa mutum ya fi zaki bukata. Gaskiya ne, kuma ta fi ƙarfi a bakin makiyayi fiye da bakin kowa. Duk wanda ya shiga kasuwar shanu ta Mubi ya ga tireloli na lodi zuwa Kudu, ya san abin da saniya guda take nufi ga mai ita: sadaki ce, kuɗin asibiti ce, gado ce. Mu da muke zaune a bayan tebur muna cewa a bar zaki a daji, ba garkenmu zai faɗa wa ba. Da sauƙi mu so shi a Yankari da Waza, tunda ba mu ne za mu kwana muna hura wuta a bakin shinge ba. In har kuɗin da ake kashewa wajen ƙara keji za a karkatar da shi ga daji, to, kaso na farko ba na mai gadin gandu ba ne kaɗai, na wannan Bafulatanin ne da ya wayi gari ya tarar da mushen karsanarsa, da kwalbar maganin ƙwari a jakarsa, yana shawarar ko ya zuba ko ya bari.