WUTA ƊAYA, TUKWANE DA YAWA

Karatu: Fitowa 21:33, 34, 22:6, 14, Irmiya 18:1-6

Da rani ya kama, an kai hatsi rumbu, magina su kan koma ga sana'arsu. A ƙauyukan Batsari da na Safana ba kowane magini ke da ramin yumɓu nasa na kansa ba, ba kuwa kowace mace ke da matoya a bayan ɗakinta ba. Rami ɗaya ne, matoya ɗaya ce, mutane da yawa. Ga masu bi, ga maƙwabtanmu Musulmi, dukanmu a bakin rami guda. Domin haka ya kamata mu tambayi kanmu: yaya mai bin Yesu zai yi zama a wurin da ba nasa ba ne shi kaɗai?

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce, ba ta isa a kawo ta gaban ekklesiya ba. Sa'ad da Allah ya so ya yi wa annabi Irmiya magana a kan al'umma duka, gidan maginin tukwane ya aike shi. Shari'ar Musa kuma ba ta raina zancen rami da wuta da kayan aro ba. Bari mu bi su da ɗaya ɗaya.

1. Rami

Cikin Fitowa sura 21 an ce wanda ya haƙa rami ya bar shi a buɗe, sa ko jaki ya faɗa ciki, shi zai biya. Ramin yumɓu ya fi wannan haɗari. Mun san yumɓu mai kyau ya kan kwanta a ƙasa, mai haɗama kuwa ya kan yi ta rarakewa ta ƙarƙashin gaɓa har ta zama rumfa. Shi ya cika kwandonsa ya tafi. Gobe yarinyar wani ta zo ɗiba, gaɓa ta rufto mata. Wa ya yi laifin? Kada mu rarake gaɓa. Mu kware ƙasar bisa tukuna, ko da aikin ya fi wuya. In mun ga tsagewa, mu faɗa wa kowa, mu kuma kare wurin da ƙaya saboda yara da dabbobi.

Kada kuma mu taɓa yumɓun da wani ya haƙa ya tara, ko wanda ya jiƙa ya rufe. Ba alama a kansa, amma guminsa yana ciki. In ramin yana cikin gonar wani, mu nemi izini, mu kuma cika abin da aka yi alkawari.

2. Wuta

A nan ne zuciyar maganar ta ke. Kowane magini ya san abin da ɗanyar tukunya ta kan yi a matoya. Bayanta ya bushe, amma da sauran laima a cikin jikinta, tun ba a gindi ba inda ta fi kauri. Da wuta ta kama, ruwan nan ya zama tururi, ya rasa hanyar fita, sai ka ji tas! Ba kuwa ita kaɗai ta ke fashewa ba. Tsingaronta ya kan bugi tulun da ke gefe, jerin ya goce, randar da wata gwauruwa ta yi kwanaki tana ginawa ta tsage. Kuɗin hatsin 'ya'yanta ke nan ya tafi.

Me ya sa mutum ya kan sa ɗanyar tukunya a wuta? Domin ranar kasuwa ta matso, yana so ya samu. Ya ce a ransa, watakila ta tsira. Amma cacar da ya ke yi, da kayan maƙwabcinsa ya ke yinta. Sauri ya haifi nawa. Kadan kana shakkar bushewarta, ajiye ta sai toyi na gaba. Kadan kuwa taka ce ta yi ɓarna, kada ka yi shiru ka ce wuta ce. Fitowa 22:6 ta ɗora biya a kan wanda ya kunna wutar da ta ci hatsin wani. Tafi ka faɗi gaskiya, ka biya gwargwadon ikonka.

Haka kuma zancen makamashi. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan gefen dajin Rugu, neman itace ya zama abin sai da rai. Wanda ya kawo dami ɗaya na kara, ya jera tukwane ashirin, yana cin gumin wanda ya kawo dami biyar. Kowa ya kawo daidai da kayansa. Amma tsohuwa da marar lafiya, waɗanda ba su iya ɗauko kara ko kashin shanu, mu masu ƙarfi mu ɗauke masu. Kada kuma a kunna wuta sa'ad da iskar hunturu ke kaɗawa wajen jinka da rumbuna.

3. Kayan aro da alama

Turmin daka tsingaro, da kwandon ɗiba, da tsohuwar tukunyar da a ke kifawa a gina sabuwa a kanta, duk su kan yi yawo hannu hannu. Fitowa 22:14 ta ce abin aro in ya lalace ba mai shi a wurin, mai aron zai rama. Maida abu da tsabta, kuma a kan lokaci.

Ga wani misali daga ƙasarmu. A farkon shekarun 1950 Bature Michael Cardew ya kafa makarantar ginin tukwane a Abuja ta dā, wadda a ke kira Suleja yanzu. A 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta fari da ta yi gini a can, hotonta ne kuma ke bayan takardar naira 20. Magina daga kabilu dabam dabam suna toyi a wuta guda. A gindin tukunya a kan buga hatimin wurin, sa'an nan a buga alamar wanda ya gina ta. Hikima ke nan: wurin na kowa ne, amma kowa ya amsa aikin hannunsa. Mu ma kowa ya yi wa tukwanensa alama tun suna ɗanye, domin kada a yi gardama ranar kwashewa. Kada kuwa wani ya riga sauran zuwa da asuba ya kwashe shi kaɗai.

Ga mu a hannun Magini

Irmiya ya ga tukunya ta lalace a hannun magini, maginin bai yar da yumɓun ba, sai ya sake gina wata da shi. Wannan ta'aziyya ce garemu. Amma mu lura, yumɓu ɗanye ne a ke sakewa. Wanda ya shiga wuta ya ƙone, ba ya sakuwa. Yau ne ranar gyara.

Ekklesiya ma matoya ɗaya ce. Ƙiyayyar da ka ɓoye, da bashin da ka ƙi biya, da tsegumin da ka ke riƙe da shi, laima ce a gindin tukunya. Ba a ganinta ranar Lahadi. Sai ranar da wutar tsanani ta zo za ta fashe, ta kuwa taɓa na kusa da kai. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Maƙwabtanmu da yawa ba za su taɓa shiga majami'armu ba, amma kowane mako suna ganinmu a bakin rami. Can ne su ke karanta bangaskiyarmu. Bari dattawan kowace ekklesiya da ke da magina su tara su kafin toyi na gaba, a karanta ayoyin nan, a sulhunta tsohuwar gardama in akwai. Ubangiji ya ba mu hannu mai gaskiya da zuciya mai tunawa da ɗan'uwa. Amin.