Baba Ya Ƙi Shan Maganin Hawan Jini: In Zuba Masa A Koko?



Kwanakin baya, bayan sallar Asuba, wani matashi ya jira har masallaci ya watse, sannan ya matso. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mahaifina ya haura saba'in, yana da hawan jini, yau wata biyu ke nan da ya ajiye magani. In na yi magana sai ya ce rai na Allah ne. Ya halatta in riƙa niƙa ƙwayar ina zuba masa a koko ba tare da ya sani ba?"

Ban amsa masa nan take ba, domin haƙƙoƙi biyu ne suka yi karo. Aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana ɗa ya nuna wa iyayensa ko da ƙosawa ce idan tsufa ya riske su a wurinsa. Shi kuwa hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya kai shekaru awonsa yana sama da 140 bisa 90 bai ji ko ciwon kai ba, alhali jijiyoyi da zuciya da ƙoda suna cinyewa a hankali, sai rana ɗaya a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Ɗan da ya yi shiru don ladabi, me zai ce wa kansa ranar nan?

Maganar "rai na Allah ne" gaskiya ce, amma ba ta zama hujjar barin sababi. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya juya daga hanyar Sham da aka ba shi labarin annoba, kuma ya nuna cewa juyawar ma tana cikin ƙaddara. Majalisar Fiƙihun Musulunci, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko nakasa. Wannan ɓangaren ba shi da wuya.

Mai wuyar shi ne koko. Ni dai zuciyata ba ta natsu da shi ba. Dattijon nan hankalinsa garau, shi ne mukallafi a kan jikinsa, tsufa bai mayar da shi yaro ba. Ranar da ya gano, ko ruwa aka miƙo masa a gidan sai ya leƙa kofin. Ga shi kuma akwai ƙwayoyin da aka yi su don su narke sannu a hankali. In aka niƙa su sai ƙarfinsu ya sauka gaba ɗaya, jini ya faɗi, tsoho ya yanke jiki.

Sai na tambaye shi, "Ka taɓa tambayarsa me ya sa ya daina?" Ya yi shiru. Ya ce ai taurin kai ne kawai irin na tsofaffi. Mu samari muna da saurin wannan hukunci, har da ni mai rubutun.

Da yamma na je gaishe shi. Muka taɓa hira, na kewaya na kewaya, sannan na ce, "Baba, an ce kun yi faɗa da magani." Ya yi dariya, ya rage murya. "Liman, kai zan faɗa wa. Shekara talatin ina zama a masallaci daga Magariba zuwa Isha'i da alwala ɗaya. Tunda aka ɗora ni a kan ƙwayar nan, sau biyu sau uku nake tashi kewayawa, yara suna kallona. In na miƙe daga sujada kuma sai jiri. Maganin da zai raba ni da sahu, ina amfaninsa?"

Wallahi jikina ya yi sanyi. Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, na addu'ar mala'iku ga wanda ya zauna a wurin sallarsa matuƙar alwalarsa ba ta warware ba, shi Baba yake karewa. Kunya ce ta hana shi gaya wa ɗan cikinsa maganar fitsari, sai ya fake da tawakkali.

Ashe cikin magungunan akwai mai sa fitsari, irin wanda likitoci kan ce a sha da safe, shi kuwa yaron sai ya dawo daga kasuwa bayan La'asar yake ba shi. Na ce wa Baba sabunta alwala ba ya rage masa komai, zunubai ma take kankarewa, amma jirin nan sai likita ya ji shi daga bakinsa, don shi kaɗai zai rage ko ya canza.

Sun koma asibiti tare. An mayar da ƙwayar safiya, an rage wata, an ce ya riƙa miƙewa a hankali. Yanzu da ya dawo daga Asuba yake sha da hannunsa. Saura rigimar gishiri da dunƙule: an ce kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali ɗaya a yini, ya ce shi ba zai ci miya daban kamar baƙo a gidansa ba. Jiya yaron ya gaya mini an rage wa gidan gaba ɗaya, ƙannensa sai ƙorafi suke yi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.