Sirrin Mara Lafiya: A Wuyan Wa Amanar Take?

Akwai maganar da mutum ba ya iya faɗa wa mahaifiyarsa, ba ya iya faɗa wa matarsa, amma da ya shiga ɗakin likita sai ya sunkuyar da kai ya faɗe ta. Abin da ke buɗe bakinsa shi ne yardar da ya yi cewa maganar za ta tsaya a ɗakin. Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a kan wannan aikin likita ya ginu. To, yanzu ƙasashe na kwashe bayanan marasa lafiya daga takarda suna zubawa a kwamfuta, a rumbu ɗaya na ƙasa baki ɗaya. Mara lafiya likita ɗaya ya ba amana. Idan maganarsa ta shiga rumbun da dubban ma'aikata ke da mabuɗinsa, a wuyan wa amanar take?

Amfanin abin a fili yake. Estoniya, ƙaramar ƙasa a arewacin Turai mai mutane kusan miliyan 1.3, ta haɗa asibitocinta a tsari ɗaya tun 2008, a 2010 kuma ta mayar da takardar rubuta magani ta intanet. Likitan da bai taɓa ganin mutum ba yana iya duba tarihin ciwonsa da magungunan da yake sha. Duk wanda ya taɓa yin jinya a wurin da fayil ke ɓacewa, ko gara ta cinye shi, ko a sake awon da aka riga aka biya, ya san darajar wannan.

Sai dai aibin takarda shi ne kuma garkuwarta. Mai son tona asirin wani sai ya je da ƙafarsa, ya shiga ɗakin ajiya, ya lalubo fayil ɗaya cikin dubbai. Kwamfuta kuwa ba ta mantuwa, kuma ɓarawo ɗaya na iya kwashe na kowa a dare ɗaya. A Oktoban 2020 aka gano an sace bayanan mutane fiye da 30,000 daga Vastaamo, wani kamfanin kula da masu matsalar ƙwaƙwalwa a Finlan. Ɓarawon ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman yuro 200, in ba haka ba ya watsa abin da suka faɗa wa likitocinsu. A 2024 kotu ta ɗaure shi shekara shida da wata uku, amma magana zarar bunu ce. Ɗaurin bai mayar wa kowa sirrinsa ba.

Wani zai ce wannan laifin ɓarawo ne. To, ga misalin da babu ɓarawo a ciki. A 2013 hukumar lafiya ta Ingila ta fito da wani shiri na tattara bayanan marasa lafiya daga wajen likitocin unguwa domin bincike da tsare-tsare. Niyyar mai kyau ce, amma sanarwar da aka yi wa jama'a takarda ce da aka rarraba gida-gida a farkon 2014, mutane da yawa suka ce ba su ma gan ta ba. Da zance ya bazu, fiye da mutum miliyan ɗaya suka ce a cire sunansu, a 2016 aka rufe shirin. Abin da ya kashe shi shi ne an taɓa kayan mutane ba tare da an yi musu sallama ba.

A ganina amsar tana cikin ma'anar kalmar amana kanta. Amana ajiya ce, mai kaya bai sayar ba, bai bayar kyauta ba, kuma yana da ikon ya tambayi inda aka kai kayansa. Wannan shi ne abin da Estoniya ta gane. A can mara lafiya na shiga da katin shaidarsa ya ga sunan duk wanda ya buɗe fayil ɗinsa da ranar da ya buɗe. Wanda ya leƙa ba da dalilin aiki ba ya bar sawu, doka na iya binsa. Mara lafiya kuma na iya rufe wani ɓangare na bayanansa.

Na san wannan ikon yana da farashi. Wanda ya rufe tarihinsa zai iya cutar da kansa ranar da aka kawo shi a sume. Amma ɗaya hanyar ta fi tsada. Mutumin da ke zargin cewa sirrinsa zai fita ba zai daina ciwo ba, faɗa zai daina. A garuruwanmu, inda mai rijistar asibiti kan zama maƙwabci ko suruki, zancen ƙanjamau, ko rashin haihuwa, ko taɓin hankali na iya kashe aure. Idan mace ta ƙi zuwa awo don tsoron wanda zai gani a allo, tsarin ya cutar da ita tun kafin ya rubuta sunanta.

Saboda haka amanar tana wuyan duk wanda aka ba mabuɗi, daga minista zuwa mai buga suna a bakin ƙofa. Duk ranar da aka zo mana da kwamfuta a asibitin garinmu, mu karɓa da hannu biyu, amma mu yi tambaya uku: wa zai iya ganin nawa, ta yaya zan san ya gani, kuma me za a yi masa idan ya gani ba da haƙƙi ba?