Ganuwa: Ta Matattu Ce Ko Ta Rayayyu?

Kwanakin baya a wata majalisa a Anka, muna kallon wani fim ɗin Hausa da aka ɗauki waƙarsa a gindin ganuwar Kano, sai wani dattijo da ke gefe ya yi tsaki ya ce, "Ku dai yaran nan ba ku da ta ido. Inda maza suka faɗi, nan za ku je kuna tiƙar rawa?" Aka yi dariya aka watse, amma ni maganar ta bi ni har gida. Shin wurin da aka gina don yaƙi, in yaƙin ya wuce, daidai ne a mai da shi kasuwa ko makaranta ko wurin shaƙatawa? Ko kuwa cin amanar waɗanda suka kwanta dama a wurin ne?

Gaskiya Baba yana da hujja. Tsofaffin garuruwanmu na wannan yanki, tun daga Anka har Gummi da Bukkuyum, a cikin tsoron hari suka tashi. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a shekarun 1760, sarautar Zamfara ta yi ta ƙaura kafin ta zauna a Anka. Wanda ya san wannan ba zai kalli tsohuwar ganuwa a matsayin tarin ƙasa kawai ba. Gumi ne, jini ne.

To amma mu tambayi kanmu, don me aka zubar da jinin? Ai ba don ganuwar ba. Don matan da ke daka a cikinta ne, da almajiran da ke karatu, da masaƙa da maƙera. Mu ɗauki Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ta ne a matsayin ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka, kuma a can ya rasu a 1837. Amma bai tara mayaƙa zalla ba, ya zaunar da jama'a, ya ƙarfafa noma da sana'a da ilimi. Ke nan manomin albasa da shinkafa na Wurno bai ci amanar ribaɗi ba, shi ne ma cikar burinsa.

Masu kallon finafinan Indiya sun san Lal Kila, jan sansanin nan na birnin Delhi da sarki Shah Jahan ya kammala a 1648. Turawan Ingila sun mai da shi barikin soja bayan tawayen 1857, sojojin Indiya suka gaje su, sai a 2003 suka fice suka bar wa masu kula da kayan tarihi. Da a ce sun rufe shi don girmama matattu, wa zai shiga ya san matattun?

Sai dai fa akwai iyaka. A Elmina ta ƙasar Gana, ginin da Turawan Fotugal suka yi a 1482 ya zama kurkukun bayi. An buɗe shi ga baƙi, amma mai hankali ba zai kai kiɗan biki cikin ɗakunan da aka tsare mutane kamar dabbobi ba. A ganina ma'aunin shi ne: sabon amfanin yana tuna wa mutane abin da ya faru, ko yana shafe shi?

A nan ne nake ganin Baba ya saki reshe ya kama ganye. Masu rawa ba su rage wa ganuwa ko hannu guda na ƙasa ba. Ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, ta ga igwar Turawa a 1903 ta tsaya. Abin da ya fi cinye ta shi ne mu: masu haƙar ƙasar gini, masu yanka filaye, masu zubar da shara. Laifin 'yan fim ɗinmu ɗaya ne, sun ɗauke ta ado. An yi waƙa a gindinta, amma finafinai nawa ne suka ba da labarinta?

Mu a Zamfara maganar ta fi zafi, domin tsoron da ya sa kakanninmu gina ganuwa ya dawo. A 2019, mutanen ƙauyuka da 'yan bindiga suka kora sun fake a ginin sabuwar fadar Sarkin Anka da ba a kammala ba. Ba wanda ya ce an wulaƙanta fada. Kowa ya gane cewa darajar gini tana ga rayukan da ya rufa wa asiri.

Don haka, Baba, a yi haƙuri. A bar yara su shiga, a yi makaranta, a yi kasuwa, a ɗauki fim. Sharaɗin kawai, kada wanda ya shiga ya fita bai san wa ya gina ba, da abin da ya sa aka gina. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya dawo mana da zaman lafiyar da suka yi wa wahala, amin.