GIMBIYA BIYU, DA WADDA YARA SUKA ZAƁA

A cikin watan Nuwamba na shekara ta 2013, kamfanin Walt Disney na ƙasar Amurka ya fito da wani majigi na zane mai motsi domin ƙananan yara, sunansa Frozen, watau abin da ya daskare. Kuɗin da aka karɓa a ƙofar gidajen sinima na duniya ya wuce dala miliyan 1,200. A watan Maris 2014 aka ba shi lambar yabo ta Oscar guda 2, ɗaya domin majigin, ɗaya domin waƙar da ke cikinsa. Ko a kasuwanninmu ba shi da wuya a ga fuskar gimbiyar nan mai farin gashi a bisa jakar makaranta.

Ga labarin a gajarce, domin waɗanda ba su gani ba. Wani sarki yana da 'ya'ya mata biyu, Elsa babba, Anna ƙanuwarta. An haifi Elsa da ikon mai da abu ƙanƙara. Tun suna ƙanana ta yi wa Anna rauni a wurin wasa, ba da gangan ba. Sai iyayen suka rufe ƙofofin fada, suka raba yaran, uban kuwa ya ba ta safar hannu, ya koya mata ta ɓoye abin. Ranar da aka naɗa ta sarauniya asirin ya tonu a gaban jama'a. Ta gudu zuwa kan dutse, ta gina wa kanta gidan ƙanƙara, a can ta yi waƙar nan da ta cika duniya. Ma'anar waƙar ita ce, ta gaji da ɓoyo, ta yar da ganin idon mutane, daga yau ita ce dokar kanta.

Manyan da suka gani ba su zama baki ɗaya ba, har a cikin masu bi. Wani mai wa'azi a rediyo a jihar Kolorado ya ce majigin aikin Shaiɗan ne. Wani malami a wata jami'ar Baptist a Texas ya rubuta cewa ya ga hoton bishara a ciki. Ba za mu daɗe a kan gardamarsu ba, gama yara ba su jira a gama ta ba.

Yara sun zaɓi Elsa. Suka yi ta rera waƙarta a mota, a wurin wanka, a filin makaranta, har iyaye suka gaji. A watan Janairu 2014 kamfanin ya sake fito da majigin da kalmomin waƙoƙi a rubuce, domin masu kallo su rera tare a cikin sinima. Rigar Elsa ta ƙare a kantuna, iyaye suna nema ba su samu. A Nuwamba 2014 kamfanin ya ce an sayar da rigunan gimbiyoyin nan fiye da miliyan 3 a Amurka ta Arewa kaɗai.

To, 'yan'uwa, sai mu lura da wurin da waƙar ta faɗo a cikin labarin. A tsakiya ta ke, ba a ƙarshe ba. Sa'anda Elsa ta ke murna a kan dutse cewa ta sami 'yanci, garinta yana ƙasa ya daskare a tsakiyar bazara, jiragen ruwa sun maƙale, talakawa suna rawar ɗari, ita kuwa ba ta ko sani ba. Haka 'yancin mutum shi kaɗai ya ke. Yunana ya sauka cikin jirgi ya yi barcinsa, matuƙa ne su ke zubar da kayansu cikin teku saboda shi. Manzo Bulus ya gaya wa Galatiyawa, a sura 5, cewa lalle an kira su ga 'yanci, amma domin su bauta wa juna cikin ƙauna ne, ba domin jiki ya sami hanya ba.

Wadda ta ceci gari kuwa Anna ce, wadda ba ta da ikon kome. Ita ta bi yayarta cikin sanyi, ta ƙwanƙwasa ƙofar da aka rufe mata tun tana yarinya. Aka kore ta, ƙanƙara ta shiga zuciyarta, tana bakin mutuwa. Ta zaci sumbar wani ɗan sarki mai suna Hans za ta warkar da ita, ashe gadon sarauta ya ke nema. Da ya zare takobi a kan Elsa, sai Anna ta bar neman ceton kanta, ta shiga tsakani, ta daskare a wurin. Wannan ne ya narkar da ƙanƙarar. Mai karanta Yohanna 15:13 ya san inda irin wannan ƙauna ta fito. Amma babu waƙa a wurin nan, saboda haka ba shi yara suka kai gida ba.

Kada mu yi saurin ganin laifinsu. Yaron da kullum a ke ce masa, yi shiru, kada ka ba mu kunya, idan ya ga Elsa ta tuɓe safar hannu, labudda zai ji sanyi a ransa. Sarkin nan yana ƙaunar 'yarsa, amma da tsoro ya rene ta, tsoron kuwa ya ƙara cutar. A Kolosiyawa 3:21 an gargaɗi ubanni kada su matsa wa 'ya'yansu har zuciyarsu ta karai. Idan 'yarka ta manne wa waƙar nan ƙwarai, ya kamata ka tambayi kanka ko akwai abin da ta ke jin tsoron faɗa maka.

Wani abu kuma. Tushen majigin tatsuniya ce ta Hans Christian Andersen, mutumin ƙasar Denmark, wadda aka buga a 1844. A cikin tasa, yarinyar da ta tafi neman abokinta ta yi Addu'ar Ubangiji a ƙofar fadar ƙanƙara, mala'iku suka kewaye ta. Da suka komo gida, suka tarar da kaka tana karanta maganar Yesu a kan zama kamar ƙananan yara, wadda ke cikin Matta 18. Duk wannan babu shi a majigin. Ba mu yi mamaki ba, gama kamfanin ciniki ne, yana sayarwa ga kowace al'umma. Ba a ɗora masa koya wa 'ya'yanmu addu'a ba. Mu aka ɗora wa, a Kubawar Shari'a sura 6, a zaune cikin gida, da a kan hanya.

Saboda haka, idan yara sun taru a kan waya ko talabijin za su kalla, uwa ko uba ya zauna tare da su har ƙarshe, minti 100 ne da 'yan kai. Bayan an gama a tambaye su: Wa ke jin sanyi sa'anda Elsa ta ke waƙa? Me Anna ta bari domin ta tsaya a gaban takobi? Malaman makarantar Lahadi kuma su koya wa yaran waƙa mai daɗin rerawa a kan Wanda ya tsaya a madadinmu, su maimaita ta mako bayan mako har ƙananan su iya ta da ka.